Tafintan da Ya Kasa Faɗin Sunan Garinmu

A aljihun jakata akwai wata takarda da nake yawo da ita tun kakar da ta wuce. An buga mini ita ne a wani shagon buga takardu a Ɗandume, kuma a samanta an rubuta ÆŠandume da manyan baƙaƙe. Duk ɗalibin da ya shigo ofishina yana cika baki cewa manhajar da ya gina ta kammala, sai in zaro takardar in miƙa masa, in ce ya karanta mini sunan garin. Ni da ɗalibaina muka jawo wannan ɓarna da hannunmu. Labarinta nake so mu tattauna a wannan mako, domin na lura ciwon da ya kama mu ya zama ruwan dare a sassan koyar da kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu, kuma maganinsa yana nan a hannun manoman da muka baro a gida.

Tafinta da mai masaukinsa

Bari mu fara daga tushe saboda mai karatun da ba fanninsa ba ne. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ba ta jin Larabci. Abin da take ganewa kawai shi ne jerin sifili da ɗaya. Da yake ɗan Adam ba zai iya yini yana jera sifili da ɗaya ba tare da ya ruɗe ba, sai masana suka ƙirƙiro yarukan gina manhaja, irin su C da Python da Java, waɗanda mutum zai iya rubutawa ya kuma karanta. Daga nan sai a nemi wanda zai isar da saƙon ga na'ura. Hanyoyin isarwar biyu ne. Akwai manhajar da ke ɗaukar rubutun dungurungum ta juya shi zuwa yaren na'ura kafin a fara aiki, kamar malamin da ya zauna ya fassara littafi daga bango zuwa bango sannan ya kai maɗaba'a. Akwai kuma wadda ke tsaye a tsakani, ana faɗa tana isarwa, jimla bayan jimla. Wannan ta biyun ita nake kira tafinta.

Dattawanmu da suka ga zamanin Turawa sun san tafinta, sun kuma san haɗarinsa. Yana tsaye tsakanin Di'o da talaka. Baturen ba ya jin abin da talaka ya ce, talakan ba ya jin abin da aka gaya wa Bature. In tafinta ya yi daidai babu mai yaba masa, in ya karkatar da zance babu mai kama shi, sai dai hukunci ya sauka a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin tafintan kwamfuta hawa uku ne. Da farko yana yanka rubutun da aka ba shi kalma-kalma, ya ware lamba daga suna, ya ware suna daga alama. Sannan ya duba ko kalmomin sun jeru bisa nahawun yaren. Daga ƙarshe ya aiwatar da abin da aka umarta: ya yi lissafi, ya buɗe fayil, ya rubuta amsa a allo. A wannan hawa na uku, da ma wajen karɓo rubutun tun farko, tafinta baƙo ne a gidan wani. Mai gidan shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows ko Linux ko macOS, ko kuma Android a waya. Ita ke buɗe masa fayil, ita ke nuna haruffansa, ita ke ba shi wurin ajiya. Kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi.

Shekaru biyu da suka wuce na haɗa ɗalibai huɗu na ajin ƙarshe muka fara gina ɗan ƙaramin yare mai kalmomin Hausa, domin yaran sakandare su fara koyon tsara umarni ba tare da Turanci ya tsaya musu a maƙogwaro ba. Ba mu muka fara irin wannan tunani ba. Akwai Yorlang da aka gina wa masu jin Yarabanci, akwai Nuru na Suwahili daga Tanzaniya. Namu yana da kalmomi irin su idan, maimaita, rubuta da ƙarshe. Mun rubuta tafintan da yaren C, a kan kwamfutocinmu masu Linux, kuma a kansu bai taɓa ba mu kunya ba. Ana gobe zan tafi gida muka haɗa kwafin da zai hau Windows, muka buɗe shi, ya yi mana sallama, muka ce ya yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a daren tafiyar muka fafe namu.

Kunya uku a yini ɗaya

Wani abokina malamin sakandare ne ya tara mini yara goma sha biyu a wani shago mai tsofaffin kwamfutoci huɗu. Muka sayi man janareta, aka kunna. Cikin yaran akwai 'yar wana, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, mahaifinta kuma ɗan kasuwar hatsi ne. Shi ma ya biyo mu, wai ya zo ya ga abin da ake biyan ƙaninsa albashi a kai.

Kunyar farko ita ce ta takardar nan. Yaran sun rubuta umarnin da zai jera sunayen garuruwa da adadin buhunan da aka ɗauko daga kowanne, tafinta ya zuba amsar a fayil, mai shago ya buɗe fayil ɗin da manhajar lissafinsa ya buga. Funtuwa ta fito daidai, Malumfashi da Bakori da Sabuwa duk lafiya. Ɗandume ta koma ÆŠandume, Ƙanƙara kuwa ba ta karantuwa.

Dalilin yana da tarihi. Tsarin farko da ya yaɗu na ba haruffa lambobi, wanda ake kira ASCII, an fitar da shi a Amurka a 1963, kuma gurbi 128 kawai gare shi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ƙasashe da kamfanoni suka yi ta ƙara nasu haruffan, kowa da teburinsa, har aka fito da Unicode a 1991 domin a ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da a yau akasarin shafukan intanet ke bi wajen ajiye waɗannan lambobi. A wannan tsari harafin Turanci yana cin bayit ɗaya, amma kowane ɗaya daga haruffanmu masu ƙugiya yana cin biyu. Tafintanmu ya rubuta Ɗ da bayit biyu kamar yadda ya kamata. Manhajar da ta buɗe fayil ɗin ta ɗauka tsohon teburin Yammacin Turai ake nufi, sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: na farko Æ, na biyu Š. Ta wannan hanya ƙ ke komawa Æ™, ɗ ta koma É—. Duk wanda ya saba karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da waɗannan aljanun haruffa. Laifin namu ne, domin ba mu sa wa fayil ɗin alamar da za ta shaida wa mai buɗewa tsarin da aka bi ba, ba mu ma san ana bukatarta ba.

Kunya ta biyu ta fi ta farko ban haushi. 'Yar wan nawa ta rubuta nata umarnin a kwamfutar shagon, ta tura shi zuwa tawa domin in duba mata. Tafinta ya ce bai san kalmar ƙarshe ba. Na duba harafi-harafi, kalmar tana nan daidai. Yarinyar ta ce, “Baffa, ko dai ni ce ban iya ba?” Wannan tambaya ta fi komai sosa mini rai, domin haka yara ke yi: in na'ura ta ƙi, kansu suke zargi. Sai da na shafe kusan rabin sa'a kafin na gano bakin zaren. A zamanin tafireta, in mai bugu ya kai ƙarshen layi abu biyu yake yi: ya mayar da kan injin farkon layi, ya kuma murza takarda sama. Na'urorin aika saƙo na da sun ba kowane motsi lambarsa, 13 da 10. Windows ta gaji duka biyun, tana sa su a ƙarshen kowane layi. Linux da Android da macOS ta yanzu 10 kaɗai suke sawa. Saboda haka tafintanmu ya ga ƙarshe da wata ɓoyayyiyar lamba 13 manne a wutsiyarta, wadda ido ba ya gani, ya ce wannan baƙuwar kalma ce.

Kunya ta uku ita ce ta hana ni barci. Wan nawa ya ce a gwada masa lissafin gaske. Ya ce mu ƙaddara buhun masara naira dubu 50 ne, a buga masa kuɗin buhu 430. Ko ɗan firamare ya san amsar naira miliyan 21 da dubu 500 ce. A kwamfutata haka ta fito. A ta shagon sai ga -21,449,672.96. Ya gyara zaman hularsa ya ce, “Dakta, injin naka ya ce ana bi na bashin miliyan ashirin da ɗaya. Tambaye shi, wa ke bi na?” Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe ce.

Ga abin da ya faru. Mun zaɓi mu riƙa ajiye kuɗi da kwabo, ba da naira da ɗigo ba, domin lissafin ɗigo a kwamfuta ba ya cika cif: in ka tara 0.1 da 0.2 a yawancin yaruka za ka ga 0.30000000000000004. Wannan shawara daidai ce. Kuskuren yana wajen mazubin da muka zuba kwabban. A yaren C akwai wani nau'in mazubin lamba da ake kira long, kuma ƙa'idar yaren ba ta yanke masa girma guda ba, ta faɗi mafi ƙarancinsa ne kawai. A Linux ta kwamfutocin zamani yana da gurbi 64 na sifili da ɗaya. A Windows gurbi 32 ne, haka ma a wasu wayoyi masu araha. Mazubi mai gurbi 32 ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, wanda in kwabo ne ya kama naira 21,474,836.47. Lissafin wana ya haura wannan da 'yan dubbai, sai lambar ta kife ta koma bashi. Suna ɗaya, girma biyu. Duk wanda ya taɓa awo ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, shi ya sa ɗan kasuwar kirki ke tambayar da wace tiya za a auna kafin a yi ciniki. Mu ba mu tambaya ba.

A nan ne zancen tafintan Di'o ya dawo. Kuskure na farko da na biyu sun yi ihu, kowa ya gan su. Na uku bai ce uffan ba. Da lambar ta kife ta faɗa kan wani adadi mai kama da gaskiya, da babu wanda zai lura, sai ranar da aka zo rabon riba zumunci ya ɓaci. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙananan malamai ne irina. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou. Binciken da aka yi ya nuna an ɗauko wata manhaja ce daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya, aka ɗora wa sabuwar roka. Sabuwar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta yi girman da mazubi mai gurbi 16 ya kasa ɗauka. Manhajar ba ta sauya ba, gidan da aka kai ta ne ya sauya.

Darasin gefen gona

Da daddare ina zaune a ƙofar gida sai na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Yankinmu na Funtuwa yana cikin wuraren farko da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, kuma tun daga lokacin malaman gona ba su daina kawo sabon iri ba. Mahaifinmu bai taɓa ƙin sabon iri ba, bai kuma taɓa shuka shi a gona duka a shekarar farko ba. Yakan ware kunya biyar ko shida a gefe, wasu a jigawa wasu wajen fadama, ya zuba ido har kaka. In an ce masa ai an gwada shi a Samaru, sai ya ce Samaru ba gonarsa ba ce.

Su ma masanan Samaru ba su saɓa masa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can, wadda asalinta ke komawa 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ke fitar da irin masarar da ake kira SAMMAZ da na dawa da auduga da gyaɗa da wake. Ba ta sakin iri don ya yi kyau a filin cibiya. Sai an kai shi wurare daban-daban masu ƙasa da ruwan sama mabambanta, an maimaita a damina fiye da ɗaya, an shuka a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya zauna ya amince. Abin da masu gina manhaja na ƙwarai ke yi ke nan, sunan ne kawai ya bambanta. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwaji a gona ɗaya shaida ce a kan gonar nan kaɗai.

Masu kula da Python, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, suna da tarin kwamfutoci iri-iri da masu sa kai suka bayar, waɗanda aikinsu shi ne duk lokacin da aka taɓa tafintan su sake gina shi su bi da shi ta dubban gwaje-gwaje. SQLite, 'yar manhajar ajiyar bayanai da ke cikin kowace wayar Android, rubutun gwajinta ya ninka rubutun ita kanta sau ɗaruruwa. Amma misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Lua. Daga 1977 zuwa 1992 Barazil ta ƙuntata shigo da kwamfuta da manhaja daga waje. Wasu masu bincike uku a Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro, Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suna yi wa kamfanin mai na Petrobras aiki, kuma kwamfutocin da za a yi aikin a kansu tarkace ne iri-iri. A 1993 suka fitar da Lua. Saboda ba su da ikon zaɓar na'urar da za ta ɗauki yarensu, sai suka ɗaure kansu da tsantsar ƙa'idar C da kowace na'ura ta yarda da ita, suka kuma bar tafintan ƙarami. Yau Lua na cikin manyan wasannin kwamfuta, kuma da ita ake tsara wasu sassan Wikipedia. Rashin gata ne ya koya musu ladabin zama a gidan kowa, ladabin kuma ya kai su duniya.

Abin da muka gyara

Da na koma makaranta na tara ɗaliban na ajiye musu takardar a tebur. Mun yi wata huɗu ba mu ƙara wa yaren ko kalma ɗaya ba, gyara da gwaji kawai muke yi. Mun sauya mazubin kuɗi zuwa wanda ƙa'idar C ta 1999 ta tabbatar gurbinsa 64 ne a ko'ina, muka kuma sa tafinta ya tsaya ya yi magana in lissafi ya fi ƙarfinsa, maimakon ya kife a ɓoye. Mun koya masa ya karɓi ƙarshen layi kowane iri. Duk wani abu da ya shafi hulɗa da babbar manhaja, kamar yadda Windows ke raba sunayen jakunkunan fayil da karan da ya jingina baya alhali Linux na amfani da wanda ya jingina gaba, mun tattara shi a wuri ɗaya, domin in an samu saɓani a san ɗakin da za a shiga.

Sannan muka rubuta gwaje-gwaje. Kowane gwaji ɗan gajeren umarni ne tare da amsar da muka san ita ce daidai. Dokarmu ita ce duk kuskuren da aka kama sai an rubuta masa gwajinsa kafin a gyara shi, domin kada ya dawo ta bayan gida. Lissafin buhu 430 yana cikinsu, sunan Ɗandume ma haka. Dandalin GitHub yana ba masu aikin da aka buɗe wa kowa damar gwada manhajarsu kyauta a kan Linux da Windows da macOS duk lokacin da suka yi sauyi, kuma muna amfani da wannan dama. Sai dai injinan can sababbi ne, filin cibiya ne. Kwamfutocin da yaranmu za su samu na gwanjo ne, da yawansu Windows 7 ke kansu, wadda aka daina yi wa hidima tun Janairun 2020, har Python ma daga fitowa ta 3.9 ba ta hawa kanta. Don haka muka sayi tsohuwar kwamfuta irin ta shagon nan da wayoyi biyu masu araha, muka ajiye su a kusurwar ofis. Ɗalibai na kiran kusurwar gefen gona.

Gwajin ya tono mana abubuwan da ba mu taɓa tunani ba. Tafintan yana cewa kalmar ƙasa haruffa biyar ce, domin bayit yake ƙirgawa. In an ce ya jera sunaye bisa tsarin abacada, sai ya kai Ɗandume bayan Zariya, domin lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Alamar da muke sawa a 'ya'ya da 'yan kasuwa tana da siffa uku a Unicode, wata waya ta sa wannan, wata manhajar rubutu ta musanya ta da waccan, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ƴ suke rubutawa. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya gwada a kwamfutarsa da aka saita da Faransanci, sai 2.5 ta koma 2, saboda a can waƙafi ake sawa a wurin ɗigo.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta ƙugiya. Yawancin yara ba su san yadda za su fito da ƙ a kwamfuta ba, k suke bugawa. Wasu ɗalibaina suka ce mu ɗauke su abu ɗaya a huta. Na ƙi, domin kasa ba ƙasa ba ce, bata ba ɓata ba ce, kara ba ƙara ba ce, kuma haruffan nan tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko. Amma hana yaro aiki saboda madannin da ba shi da shi ma zalunci ne. Muka tsaya a tsakiya: kalmomin yaren kansa, irin su ƙarshe, tafinta zai karɓe su da ƙugiya ko babu, amma sunayen da yaro ya raɗa da kansa ba za a gauraya su ba, kuma in ya rubuta kudi a sama ya rubuta kuɗi a ƙasa za a ja hankalinsa da Hausa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne tafintan ya yi aiki ba tare da intanet ba, ya kuma zama ƙaramin da za a iya turawa daga waya zuwa waya. Wani abokin aiki ya ce mu ɗora shi a shafin intanet kawai, duk wannan wahala ta ƙare. Na tuna masa cewa a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Funtuwa, aka shafe watanni mutane na tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Wanda ya ga wannan ba zai gina wa yaran yankin abin da numfashinsa ke hannun sabis ba.

Ina muka dosa?

Na san akwai mai cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tunda kasuwar aiki Python da Java take nema, ba yaren Hausa ba. Gaskiya ne, kuma ban taɓa ce wa yaro zai ci abinci da yarenmu ba. Tsani ne, in an hau sai a wuce. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran karkara da ba su taɓa zama gaban kwamfuta a natse ba sai ana saura kwanaki jarrabawa. Yaron da ya taɓa ba na'ura umarni da harshen uwarsa ta bi, tsoronta ya fita daga ransa. Su kuma ɗalibai huɗun nan, abin da suka koya a wata huɗun gyara ya fi abin da na koya musu a aji, kuma shi ne ainihin abin da masu ɗaukar aiki ke nema.

Saboda haka ina da roƙo ga abokan aikina malamai. Yadda muke karɓar aikin kammala digiri yana koya wa ɗalibai mugun hali. Ɗalibi ya zo da kwamfutarsa, ya danna wuraren da ya san ba za su ba shi kunya ba, mu tafa, a ɗaure kundi a jera a kanta. Ya kamata a wajabta cewa manhajar za ta hau kwamfutar mai jarrabawa, wadda ɗalibin bai taɓa gani ba, da waya mai araha in aikin na waya ne, kuma a ba gwaje-gwajen da ya rubuta maki na musamman. Ga hukumomi da ma'aikatun da ke sayen manhajar rajistar ɗalibai ko manoma ko marasa lafiya, kafin ku biya ɗan kwangila ku sa ya shigar da Ɗanja da Ƙanƙara da Ɗanmusa da 'Yar'aduwa, ya jera su, ya nemo su, ya buga su a takarda, a kan kwamfutar ofishinku ba tasa ba. Gwajin minti goma ne, kuma zai raba ku da gyaran suna na shekaru.

Na koma gida da gyararren tafinta a hutun da ya biyo baya. Sunan garinmu ya fito da ƙugiyarsa, umarnin 'yar wana ya yi aiki a kwamfutar shago da tawa da wayar mahaifinta, lissafin buhu 430 ya ba da miliyan 21 da dubu 500 a duk ukun. Wan nawa ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya zaro ɗan littafinsa da kalkuleta ya sake bugawa da kansa. Na ce, “Yaya, har yanzu ba ka yarda ba?” Ya ce, “Na yarda da kai, Dakta. Shi dai injin, damina ɗaya ya yi.” Ban yi masa musu ba, domin masanin nan Edsger Dijkstra ya daɗe da yin gargaɗin cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Tsohuwar takardar tana nan a jakata, kuma duk ɗalibin da ya gaya mini cewa ai a kwamfutarsa tana aiki, zai karanta ta.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.